Ruwan da Ya Tsare Aleida a Zierikzee

Zierikzee, Asabar, 31 ga Janairu, 1953

Yaya Gesina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Albert da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki ce masa na iso lafiya, ya kwantar da hankalinsa, ran Litinin ina gida.

Kin ce in rubuto miki da zarar na ga surukar tawa. To na gan ta. Jiya da yamma jirgin fito ya sauke ni, cikina duk ya juye saboda igiyar ruwa. Saurayina Marinus na tsaye a bakin tasha, ya dafe hularsa kada iska ta tafi da ita. Ya dube ni ya ce, "Wannan fuskar za ki kai wa Mama? Ai sai ta ce majinyaciya na ɗauko mata." Na ce ya bari in gama mutuwa tukuna sannan ya yi dariyarsa. Da za mu shiga layinsu sai ya miƙo mini hankici, ya nuna bakina. Na goge jan-bakin.

Sunanta Jacomina. Doguwa ce, baƙaƙen kaya daga wuya har ƙasa, wai tun ranar da teku ta ci mahaifin Marinus ba ta sake sa wani launi ba. Ta karɓi kek ɗin zuman da kika naɗe mata, ta ce an gode, ta sa a kabad ta murɗa makulli. Da muka zauna cin abinci ta tsare ni da tambayoyi kamar ina gaban alƙali. Wace coci muke zuwa, sau nawa ran Lahadi, ko na iya gyaran kifi. Na ce mata ina koyar da ƙananan yara a makaranta. Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba, yarinya." Marinus ya cusa kansa cikin kwanon dankali. Da ya ɗago ya ce muna so a ɗaura aure a watan Mayu, sai ta haɗe hannuwa ta ce a yi addu'ar gama cin abinci.

Yau da safe ya fita da ni don in sha iska, kuma na sha ta har ta yi yawa. Ba a iya tsayawa a kan gada sai an riƙe ƙarfe. Mun bi ta tsohuwar tasha, ya nuna mini gidan da yake so mu kama, mai ɗaki biyu a saman shagon igiya, taga tana kallon ruwa. Yaya, na ji daɗinsa ƙwarai.

A hanyar dawowa muka tarar da maƙwabcinsu, wani tsohon masunci Wolfert, wanda Marinus yake gyara wa injin kwalekwale. Yana tsaye yana kallon ruwan tasha. Ya ce, "Rinus, lokacin janyewar ruwan teku ne fa yanzu, ka ga ya janye?" Marinus ya ce iska ce ta tokare shi. Tsohon ya ci gaba da kallon ruwan. Na ga maza suna jera katako don tare ruwa a bakin layukan da ke gangarawa daga tasha. Gidan su Marinus yana ɗaya daga cikin waɗannan layuka, in kika fito ƙofa sai kin ɗaga kai kike ganin jirage. Na tambayi Marinus ko akwai abin tsoro, ya ce kowace shekara haka ake yi, abin da ya kamata in ji tsoro shi ne wa'azin gobe.

Zan ruga in kai wannan gidan waya kafin jirgin ƙarshe ya tashi. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Aleida


Deventer, Talata, 3 ga Fabrairu, 1953

Zuwa ga Uwargida Jacomina Kloet,

Ina gaishe ki gaisuwar girma, Mama, da fatan wannan takarda za ta same ki da rai da lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce Gesina, yayar Aleida, wadda ta zo gidanki ran Juma'a.

Tun ran Lahadi da safe muke jin a rediyo cewa teku ta fasa ganuwar da ke tare ruwa a wurare da yawa. Suna ta kiran sunayen garuruwa, amma tsibirinku ba wanda ya san halin da yake ciki. Tarho ba ya shiga. Jiya wasiƙar Aleida ta ran Asabar ta iso, na karanta wa mahaifinmu, na tsallake wurin da ta yi maganar ruwa, amma ya karɓe takardar ya karanta da kansa. Tun daga lokacin yana zaune a gaban rediyo, ko shayi bai sha ba. Mahaifiyarmu ta rasu Aleida tana ƙarama, ni na goya ta.

Mijina ya je Rotterdam jiya, ya zagaya wuraren da ake sauke mutanen da aka ceto, bai gan ta ba. Wani mai jirgi da ke kai muku burodi ya yarda ya ɗauki wannan takarda.

Don girman Allah, ko layi ɗaya ne ki rubuto. In labarin mara daɗi ne ma, ki faɗa mini a fili, ni zan san yadda zan gaya wa Baba. Ina yi miki addu'a, ke da ɗanki.

Taki cikin ladabi,
Gesina Brinkhuis


Zierikzee, 6 ga Fabrairu, 1953

Zuwa ga Gesina,

Na amsa gaisuwarki. Ubangiji ya sāka.

Ƙanwarki tana da rai. Ki gaya wa mahaifinku ya ci abinci.

Ruwa ya shigo mana kafin gari ya waye ran Lahadi. Ƙasan gidana ya tafi. Muna zaune yanzu a gidan wata 'yar'uwar mijina, a tudun gari kusa da babbar coci, mu da waɗansu iyalai. Babu wuta, ruwan sha sai an auna.

Ɗana Marinus ya fita da kwalekwalen maƙwabcinmu Wolfert ran Lahadi, suna kwaso mutanen ƙauye daga kan rufin gidaje. Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Da ya tafi na uku bai dawo ba. Ba a ga shi ba, ba a ga Wolfert ba, ba a ga kwalekwalen ba. Yadda aka yi ya tafi na ukun, ki tambayi ƙanwarki. Ni ba zan rubuta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Kullum jirage suna kwashe mutane zuwa ƙetare, baƙi ne ake fara sawa a ciki. An kira ta, ta ƙi shiga. Daga safe har duhu tana tsaye a bakin tasha tana leƙa kowane kwalekwale da ya shigo. Tana tari mai tsanani, kuma tana da rauni a ƙwauri wanda ba ta bari a duba ba. Na yi mata magana, ta ce mini ba inda za ta. Ba 'yata ba ce, ba a ɗaura komai ba, ba ni da ikon tilasta ta. Ku kuna da shi. Ku aiko mijinki ya tafi da ita, ko ku rubuto mata da murya mai ƙarfi. Ba na so wani gida ya yi rashi ta dalilin gidana.

Ubangiji ne ya kawo wannan, shi ya san dalili.

Jacomina, matar marigayi Adriaan Kloet


Zierikzee, 8 ga Fabrairu, 1953

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ku yafe mini da ban rubuto ba. Na ɗauki fensir ya fi a ƙirga, sai in ajiye. Mama Jacomina ta ce mini ta rubuta miki, kuma na san abin da ta ce, domin ba ta iya ɓoye magana ba.

Ran Lahadi kafin asuba jiniya da ƙararrawar coci suka tashe mu. Marinus ya riga ya fita buga wa mutane ƙofa. Ina saukowa da fitila sai ƙofar gida ta ɓalle ta shigo da ruwa. Muka hau sama ni da Mama. Muna isa sai ta juya, wai Littafi Mai Tsarki na mijinta yana ƙasa. Na ce ta bari, ta ture hannuna. Ruwan ya ɗaga kabad ya danne ta a jikin matakala, kanta kawai nake gani. Na shiga har ƙirji. Yaya, ban taɓa sanin sanyi yana cizo haka ba. Na tokare kabad ɗin da ƙafa, a nan na ji ciwon, na laluba ban sami hannunta ba, sai na damƙi gashinta na ja. Da muka kai sama abin da ta fara cewa shi ne, "Sakar mini gashi." Kek ɗinki yana cikin kabad ɗin.

Da gari ya waye Marinus ya zo ta taga da kwalekwalen Wolfert ya kai mu tudu. Daga nan suka nufi ƙauyukan da ke kwari, inda ruwa ya shafe komai sai rufi da kan itatuwa.

Yanzu ga abin da ta ce ki tambaye ni.

Da rana ta karkata suka dawo da mutane karo na biyu. Ni da Mama muna bakin tasha da barguna. Ruwa ya fara hawowa kuma, iska ta fi ta safe. Hannuwan Marinus duk sun tsage, leɓɓansa sun yi shuɗi, injin yana ta tari. Cikin waɗanda ya sauke akwai wata mata, Tannetje. Ta je taya maƙwabciyarta haihuwa ne ruwa ya tsare ta a can, 'ya'yanta mata biyu suna gida da kakansu. Ta ce ta hango su a kan rufi lokacin da kwalekwale ya wuce daga nesa. Ta durƙusa cikin laka ta riƙe ƙafar Marinus.

Mama ta ce, "Ya isa, Rinus. Ka yi naka. Teku ta karɓi ɗaya daga gidana, ba zan ba ta na biyu ba."

Wolfert ya ce, "Injin nan ba zai kai ba in ba kai a ciki. Amma ba zan ce ka zo ba."

Marinus bai dubi uwarsa ba. Ni ya duba. Ya ce, "Aleida, me kika ce?"

Na dubi matar nan a ƙasa. Na ce, "Yara ne, Marinus. Je ka."

Ya cire agogonsa ya ba ni, ya ce kada ruwa ya ɓata shi, ya shiga. Mama tana tsaye kusa da ni, ta ji komai. Ba ta yi ihu ba. Ta naɗe bargon da ke hannunta ta juya ta tafi.

Tun daga ranar a katifa ɗaya muke kwana, domin babu wuri, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Da safe tana tura mini rabin burodinta ba tare da ta dube ni ba. In na ce na ƙoshi sai ta ce, "Ci. Ba don ke ba ne, don mahaifinki ne."

Ba zan shiga jirgi ba, Yaya. Har yanzu ana samun mutane da rai a kan guntayen ganuwa da cikin ɗakunan sama. Ni na ce ya tafi. In ya dawo, ni zai tarar a bakin tasha.

Taki,
Aleida


Deventer, 11 ga Fabrairu, 1953

Aleida,

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya bar mana ke. Baba ya yi kuka da ya ga rubutunki, sannan ya ci abinci.

Yanzu ki saurare ni. Na karanta wasiƙarki har na haddace ta. Marinus ba yaron ajinki ba ne da zai jira ki ba shi izinin fita. Mutumin da ya je sau biyu da ƙafarsa, da kin ce kada ya je ma sai ya je, ya dai so ya ji daga bakinki ne. Kin faɗi abin da ni ma zan faɗa. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba.

Amma tsayuwarki a bakin tasha ba za ta jawo kwalekwale ba. Kina tari, ƙafarki tana ruɓewa, kin ɓoye mini, sai a bakin baƙuwa na ji. Tsohuwar nan ta ce a fili ba ta son ki a wurin. Me kike jira, ta kore ki da tsintsiya?

Albert ya nemi takardar shiga tsibirin, an hana shi, an ce masu aikin agaji kaɗai. Da ni aka bari, da na zo na ja ki da gashi kamar yadda kika ja ta. Baba ba ya barci. Shugabar makarantarku ta aiko tana tambaya.

Na sa safa da rigar sanyi da maganin tari a ƙunshin nan. Safa ɗaya ta tsohuwar ce, ki ba ta, kada ki ce daga wurina take.

Ki shiga jirgin farko. Ba roƙonki nake yi ba.

Yayarki,
Gesina


Zierikzee, 15 ga Fabrairu, 1953

Yaya Gesina,

Na gaishe ku duka. Ƙunshi ya iso, na gode. Wani likitan soja ya wanke mini ƙafar ya ɗaure, ya yi mini faɗa irin naki.

An sami yaran Tannetje da rai. Masunta ne suka tsince su a kan wani guntun ganuwa ran Talatar farko bayan ambaliyar, suka wuce da su ƙetare, shi ya sa labari bai zo da wuri ba. Fasto ne ya kawo mana. Babbar yarinyar ta ce mutum biyu suka sauko da su daga rufi, su da kakansu. A hanya inji ya mutu, ruwa ya yi ta jan su har suka bugi ganuwar. Saurayin ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a sama, ya lulluɓe su da rigarsa. Ya koma don ya ɗauko kakan da Wolfert, sai kwalekwalen ya kuɓuce da su ukun. Iyakar abin da ta gani ke nan.

Shekaranjiya aka kawo gawar Wolfert.

A babbar coci ake ajiye waɗanda aka tsamo, kafin a rufe akwati. Jiya aka aiko wa Mama cewa an kawo wani saurayi daga wajen da aka sami Wolfert. Ta sa hularta, ta tsaya a ƙofa, ta ce, "Idona ba ya gani sosai a cikin duhun cocin nan." Ba ta ce in zo ba. Na ɗauki mayafina na bi ta.

Ba zan gaya miki yadda wurin yake ba. Mutumin da ke kula da su ya ce kada mu dubi fuska, ba za ta gaya mana komai ba. Mama ta tsaya nesa kaɗan, ta ce, "Duba hannun hagu. Injin Wolfert ya taɓa cire masa kan ɗan yatsa." Na ce na sani, Mama. Na ɗaga zanen ta gefe. Yatsu biyar cif, da zoben aure.

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ta ce, "Kin duba da kyau?"

Na ce, "Wannan yana da mata."

Muka fito. A kan matakalar coci ta zauna a kan dutse cikin ƙanƙara. Na zauna kusa da ita. Sai ta ce, "Da ke kika haife shi, za ki ce ya tafi?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta ce, "Ni ma da aka ce mini yaran suna da rai, ban san ko in gode ba ko in yi me." Ta goge hancinta. Ta ce, "Ban yafe miki ba tukuna. Ina roƙon Ubangiji ya ba ni iko, bai ba ni ba." Na ce na ji. Ta miƙo hannu na ɗaga ta, kuma ba ta saki hannun ba har gida.

Yanzu hukuma ta ce duk wanda ba ya aikin gyaran ganuwa ya bar garin, saboda ruwan sha da tsoron cuta. Mata da tsofaffi za a fara kwashewa. Mama ta ce sai dai a ɗauke ta a akwati. Ba ta da kowa a ƙetare, in ta fita sansanin baƙi za a kai ta. Gobe ma'aikacin zai zo gidan nan.

Na ji maganarki, Yaya, kuma na san Baba yana jira. Amma ba zan shiga jirgi in bar ta a bakin tasha ita kaɗai ba. Ki ƙara mini haƙuri.

Ƙanwarki,
Aleida


Zierikzee, 17 ga Fabrairu, 1953

Zuwa ga Gesina,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifinku da mijinki.

Ba a ga ɗana ba.

Jiya ma'aikacin hukuma ya zo. Ya tambaye ni ko ina da dangi a ƙetare. Kafin in buɗe baki ƙanwarki ta ce, "Tana da su, a Deventer." Ya dube ni. Ban saba yin ƙarya ba, amma ban ƙaryata ta ba. Ya rubuta.

Saboda haka za mu iso ran Alhamis a jirgin ƙasa na yamma, in Ubangiji ya yarda. Ban nemi wannan ba, kuma na san ba a shawarce ku ba. In babu wuri ki faɗa mini a tasha, ba zan ji haushi ba. Ba ni da kaya sai abin da ke jikina. Ina iya wanki da ɗinki, ba na zama hannu sake. Ku nemo likita ya saurari ƙirjinta tun a daren.

Yau da safe mun je gidana. Ruwa ya sauka, laka ce har gwiwa. Na rubuta adireshinku da alli a jikin bango, a sama da inda ruwa ya tsaya, yadda duk wanda ya shigo layin zai gani. Aleida ta ce ruwan sama zai wanke alli. Ta samo fenti a shagon igiya ta bi kan kowane harafi, ni ina riƙe mata tsani.

Sai mun zo.

Jacomina Kloet